Tarihin Wasu Kalmomin Aikatau na Kiɗa da Waƙa a Harshen Ingilishi

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama don fassara wani rubutu na Ingilishi da ya shafi kiɗa da waƙa ya san irin wahalar da kalmomin aikatau na wannan fanni suke bayarwa. Idan ya nemi ma'anar *sing* da *chant* da *intone* da *croon*, abin da zai fara zuwa masa shi ne 'rera'. Idan kuma ya nemi *compose* da *write* da *set* da *score*, sai ya tsaya a kan 'tsara' ko 'rubuta'. Alhali kuwa masu harshen ba su ɗauke su abu guda ba. Wannan maƙala za ta bi sawun wasu daga cikin waɗannan kalmomi tun daga zamanin Tsohon Ingilishi har zuwa ƙarshen ƙarni na 20. Abin da ake son a nuna shi ne, yawan kalmomin ya samo asali ne daga rarrabuwar aikin mawaƙi. Da farko mutum ɗaya ne yake ƙaga waƙa, ya riƙe ta a ka, ya kaɗa, ya rera. Sannu a hankali majami'a da alƙalami da ɗab'i da na'ura suka yanyanka wannan aiki, kowane yanki kuma ya nemi aikatau nasa.

2.0 Zamanin Tsohon Ingilishi

Tsohon Ingilishi shi ne harshen da aka yi magana da shi a Ingila daga wajen shekarar 450 zuwa 1100. Aikatau mafi daɗewa a wannan fanni shi ne *singan*, wanda ya zama *sing* a yau. Yana cikin rukunin aikatau masu sauya wasalin ciki don nuna lokaci, shi ya sa har gobe ake samun *sing, sang, sung*. Yana da 'yan'uwa a sauran harsunan danginsa, kamar *singen* a Jamusanci da *siggwan* a harshen Gotawa. Abin lura a nan shi ne, a fassarar Littafi Mai Tsarki da Bishop Wulfila ya yi zuwa harshen Gotawa a ƙarni na 4, an yi amfani da *siggwan* a wurin da ake nufin karanta littafi da murya a gaban jama'a. Ke nan a wancan zamani tazarar da ke tsakanin rerawa da karatu a bayyane ba ta da faɗi.

Akwai aikatau na biyu, wato *galan*, wanda ya haɗa ma'anar rera waƙa da ta yin surkulle. Daga gare shi aka sami suna *galdor* 'surkulle, sihiri'. Wannan aikatau ya mutu, amma ya bar burbushinsa a ƙarshen sunan tsuntsun nan mai kuka da dare, *nightingale*, wanda asalin ma'anarsa ita ce 'mai rerawa da dare'.

Ta fuskar kayan kiɗa kuwa, kowane abin kiɗa da aikatau nasa. Ana cewa *hearpian* don kaɗa wani abin kiɗa mai tsirkiya, *pipian* don busa sarewa, *blawan* don busa ƙaho. Shi kuwa *plegian*, kakan *play* na yanzu, tushen ma'anarsa shi ne motsa jiki da sauri, da tsalle-tsalle, da tafi. A hankali ne ya mamaye dukkan kayan kiɗa, na bugawa da na busawa da na gogawa, kamar yadda *spielen* ya yi a Jamusanci, *jouer* kuma a Faransanci.

Labarin Cædmon, wanda malamin nan Bede ya kawo a littafinsa na tarihin majami'ar Ingila da ya kammala a 731, yana nuna yadda abin yake. Cædmon mai kula da dabbobi ne a gidan 'yan zuhudu na Whitby a zamanin shugabancin Hild, wato tsakanin 657 da 680. Al'ada ce a wurin liyafa a riƙa miƙa abin kiɗa daga hannu zuwa hannu, kowa ya yi waƙa idan layi ya zo kansa. Shi kuwa da ya ga abin ya kusato shi sai ya sulale, don bai iya ba. Bede ya ce a mafarki aka umurce shi da ya rera, ya farka da baiwar waƙa. Daga nan sai malamai su karanta masa nassi, ya je ya kwana da shi, ya dawo da shi a waƙe. Cædmon bai iya rubutu ba, kuma ba a raba ƙagawarsa da rerawarsa ba. Aikatau guda ya wadatar.

3.0 Zuwan Normandawa da Zuriyar *Canere*

A shekarar 1066 William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi. Daga nan Faransanci ya zama harshen fada da shari'a na kusan shekara 300, Latin kuma ya ci gaba da zama harshen majami'a da ilimi. Dubban kalmomi suka kwararo cikin Ingilishi, cikinsu har da zuriyar aikatau na Latin *canere* 'rera, kaɗa, busa' da sigarsa ta nanatawa *cantare*.

Daga *cantare* Faransanci ya sami *chanter*, Ingilishi kuma ya are shi a matsayin *chant* a ƙarni na 14. Da farko ma'anarsa ɗaya ce da ta *sing*. A ɗaya daga cikin hikayoyin Geoffrey Chaucer, wanda ya rasu a 1400, an yi amfani da shi ga wani saurayi da ke rera waƙar soyayya da dare a gindin bangon gidan wata matar aure. To amma harshe ba ya son riƙe kalmomi biyu masu ma'ana ɗaya tak. *Sing* ya riƙe fagensa mai faɗi, *chant* kuwa ma'anarsa ta tsuke, ta koma ga irin rerawar majami'a, inda ake jan kalmomi da yawa a kan sauti guda ba tare da hawa da sauka sosai ba. Daga baya ta sake faɗaɗa zuwa ga duk wani kirari ko take da taron jama'a ke maimaitawa da murya ɗaya, ko a filin ƙwallo ko a wurin zanga-zanga.

Sauran 'ya'yan wannan saiwa sun yi nisa da gida:

(1) *enchant* 'yi wa sihiri, ɗauke hankali', daga *incantare* 'rera a kan wani';

(2) *charm* 'laya, farin jini, jan hankali', daga *carmen* 'waƙa';

(3) *recant* 'janye aƙida a bainar jama'a', daga *re-* da *cantare*, wato 'rera a juye';

(4) *cant* 'yi magana irin ta mabarata, yi zaurance, yi kalaman riya'.

Misali na (1) da na (2) sun cike gurbin da *galan* da *galdor* suka bari. Abin sha'awa ne a ce harshen Jamusawa na dā da na Rumawa, kowanne ta hanyarsa, ya danganta waƙa da sihiri. Misali na (3) ya shigo ne a ƙarni na 16, lokacin rikicin sauyin addini, sa'ad da ake tilasta wa mutane su janye aƙidarsu. Thomas Cranmer, tsohon Babban Bishop na Canterbury, ya sa hannu a takardun janyewa, ya dawo ya warware su a ranar da aka ƙone shi a Oxford a 1556. Misali na (4) kuwa ya nuna faɗuwar daraja: muryar da ake ja a wurin ibada ta zama abin kwatanta kukan mabaraci.

Wannan faɗuwar daraja ba ta tsaya kan *cant* ba. Dokar 1572 ta sanya makaɗa masu yawo waɗanda ba su da ubangida cikin manyan masu sarauta a sahun zauna-gari-banza da za a hukunta. Ba abin mamaki ba ne da aikatau na sana'arsu suka sami ma'anoni na raini. *Harp on* ya zama 'nanata magana har a gundura', daga kwatancin makaɗin da ya nace wa tsirkiya ɗaya. *Fiddle*, wanda asalinsa goga goge ne, ya zama 'ɓata lokaci da wasa da hannu', daga baya ma har ya kai ga 'yin maguɗi'.

4.0 Alƙalami ya Shigo Fage

Isidore na Seville, wanda ya rasu a 636, ya bayyana cewa sauti yakan ɓace idan ba a riƙe shi a ƙwaƙwalwa ba, domin ba ya rubutuwa. A ƙarni na 9 ne malaman majami'u a Turai suka fara ɗora 'yan alamomi a saman kalmomi don tuna wa mai rerawa inda murya ke hawa da inda take sauka. A farkon ƙarni na 11 Guido na Arezzo, wani ɗan zuhudu a Italiya, ya daidaita tsarin jera alamomin a kan layuka, ta yadda mutum zai iya rera waƙar da bai taɓa ji ba. Daga wannan lokaci aka sami wani sabon aiki da ba a sani ba a dā, wato rubuta sauti, sai Ingilishi ya shiga neman kalmomin da zai kira shi da su.

Abin lura shi ne, kusan duk kalmomin da ya samo na aikin hannu ne. *Write* kansa, daga *writan*, asalin ma'anarsa 'karta, tsaga' ce, irin yadda ake karta haruffa a kan itace ko dutse. *Prick* 'soka, ɗiga' shi ne aikatau da aka fi sani na kwafar kiɗa daga ƙarni na 15 zuwa na 17, saboda alamomin ɗige-ɗige ne. Ana kiran waƙar da aka rubuta *pricksong* don a bambanta ta da wadda aka koya da ka. Samuel Pepys ya yi amfani da wannan aikatau a kundin da yake rubuta al'amuransa na yau da kullum tsakanin 1660 da 1669. *Note*, daga Latin *nota* 'alama', shi ma ya yi aiki a matsayin aikatau: littafin John Merbecke na 1550, wanda ya ɗora wa addu'o'in majami'ar Ingila karin murya, sunansa *The Booke of Common Praier Noted*. *Score* kuwa daga harshen mutanen Arewacin Turai ya zo, ma'anarsa 'tsaga alama a jikin sanda don ƙidaya'. Wajen shekarar 1700 aka fara kiran takardar da ta tattara rabon dukkan makaɗa da wannan suna, saboda layukan da ake ja daga sama zuwa ƙasa. A ƙarni na 19 ya zama aikatau mai nufin raba wa kowane abin kiɗa nasa kason.

Shi kuwa aikin ƙagawa, a Ingilishin Tsakiya *make* ake cewa, mawaƙi kuma *maker*, ko *makar* a Sikotland. *Compose* ya shigo ta Faransanci da ma'anar 'harhaɗa, jera', kuma sai a ƙarshen ƙarni na 16 ya kafu a fagen kiɗa, zamanin da Thomas Morley ya buga littafinsa na koyar da kiɗa a 1597. Da *compose* aka sami wani sabon mutum, wanda yake zaune da takarda yana ƙaga kiɗan da wasu za su kaɗa, wataƙila ma a garin da bai taɓa zuwa ba. Akwai kuma *set*, wanda ya keɓanta ga ɗora wa kalmomin wani karin murya, abin da ke nuna cewa mai baiti da mai kari su ma sun rabu.

Wannan al'amari bai tsaya a ƙamus ba, har kotu ya kai. Dokar haƙƙin mallaka ta 1710, wadda aka fi sani da sunan Sarauniya Anne, ta ba marubucin sabon littafi kariya ta shekara 14. Tambaya ita ce, ko kiɗa yana cikin abin da dokar ta kira rubutu? Johann Christian Bach, wanda ke zaune a Landan, ya kai ƙarar wani kamfanin ɗab'i da ya buga ayyukansa ba da izni ba. A 1777 alƙali Lord Mansfield ya yanke cewa kiɗa abu ne da ake rubutawa, don haka dokar ta shafe shi. Da wannan hukunci mallakar kiɗa ta tabbata a hannun mai alƙalami. Wanda ya riƙe waƙa a ka, komai gwanintarsa, ba shi da abin da zai nuna wa alƙali.

5.0 Rabon Aiki a Dandali

Da aka ware mai ƙagawa gefe guda, sai aikin sauran ya zama cika umurnin takarda. Tarihin *perform* ya dace da wannan sarai. Ya fito ne daga tsohon Faransanci *parfournir* 'kammala, cika', kuma tun wajen 1300 ake amfani da shi wajen cika alkawari ko zartar da umurni. Sai wajen farkon ƙarni na 17 ya sami ma'anar gabatar da wasa ko kiɗa a gaban 'yan kallo.

*Rehearse* kalmar noma ce. Asalinta *rehercier*, wato sake bin gona da wani ƙarfe mai haƙora kamar manjagara da ake ja don farfasa hoge. Ta fara da ma'anar 'maimaita magana', a ƙarshen ƙarni na 16 kuma ta koma 'gwaji kafin ranar wasa'. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan kwatanci ba, tun da shi ma yana da *maimai* a gona da *maimaita* a baki.

Da rukunin makaɗa ya girma ya kai mutum 50 ko fiye, sai aka buƙaci wanda zai tsaya a gaba yana ba su hannu, shi kansa ba ya kaɗa komai. *Conduct* 'jagoranta' ya ɗauki wannan ma'ana a ƙarshen ƙarni na 18, aikin kuma ya zama sana'a mai zaman kanta a ƙarni na 19. A 1840 Franz Liszt ya tallata wasansa na fiyano a Landan da sunan *recitals*, daga *recite* 'karanto da ka', abin da ya ba wasu mamaki a lokacin, domin da baki aka san ana karantowa.

Mafi bayyana al'amarin duka shi ne *improvise* 'ƙaga nan take', wanda ya shigo daga Italiyanci ta hanyar Faransanci a farkon ƙarni na 19, tushensa kuma Latin *improvisus* 'abin da ba a hango ba'. Ƙaga waƙa a fage ita ce al'adar mawaƙan zamanin Cædmon, amma ba su buƙaci suna na musamman don ita ba. Sai da rubutu ya zama ƙa'ida sannan abin da aka saba ya zama baƙo har aka ara masa suna daga waje.

6.0 Zamanin Na'ura

*Record* ya fito ne daga Latin *recordari*, wanda ya ƙunshi *cor* 'zuciya'. A Ingilishin Tsakiya yana nufin haddacewa da bitar abu a zuci, har ma ana amfani da shi ga ɗan tsuntsun da ke koyon kuka a hankali. Daga baya ya koma 'rubuta don ajiya'. Da Thomas Edison ya ƙera na'urarsa ta ɗaukar murya a 1877, Emile Berliner kuma ya fito da garmaho mai faifai a 1887, sai kalmar ta sake ƙaura. Aikin da zuciya ta yi, takarda ta karɓa, yanzu ya koma hannun faifai.

Faifai ya mayar wa murya da darajar da alƙalami ya ƙwace, domin yana adana abin da ba ya rubutuwa. *Croon* kalma ce ta Sikotland da arewacin Ingila mai nufin gurnani ko kuka ƙasa-ƙasa. Da aka fara ɗaukar murya da makirfo a 1925, mawaƙi ya daina buƙatar ɗaga murya don ya cika zaure, sai kalmar ta zama sunan salon rerawa a tausashe irin na Bing Crosby. Daga baƙar fatar Amurka aka sami *scat* 'rera gaɓoɓin da ba su da ma'ana kamar abin busa', wanda faifan Louis Armstrong na 1926 ya yayata, da *jam* 'haɗuwar makaɗa su yi ta ƙagawa ba takarda'. *Rap* tsohuwar kalma ce mai nufin ƙwanƙwasawa. A bakin baƙar fatar Amurka ta zama 'zance na gwaninta', sannan a unguwar Bronx ta birnin New York, cikin shekarun 1970, ta zama jera magana a kan kiɗa. Faifan da ya fara fitar da salon ga duniya ya fito a 1979. Jamaika ta ba da *toast* 'yi magana a kan faifai yana juyawa', ta kuma ba *dub* sabuwar ma'ana ta sake sarrafa faifai a ɗakin ɗaukar murya.

Sai kuma *mix* 'gauraya', da *sample* 'yanko guntun faifan wani a saka a sabon aiki', da *scratch* 'karta', wato jan faifai gaba da baya a ƙarƙashin allura. Da wannan na ƙarshe, kartawar da ta haifi *write* ta dawo fagen kiɗa ta wata ƙofa. Kamar yadda ya faru a 1777, sabon aikatau ya sake kai mutane gaban alƙali: a 1991 wata kotu a New York ta hukunta cewa yanko guntun faifai ba da izni ba keta haƙƙin mallaka ne, a shari'ar da ta shafi mawaƙi Biz Markie.

7.0 Darasi ga Mai Fassara

Hausa ta raba wannan fage ta wata hanya dabam. Inda Ingilishi ya tara komai a *play*, Hausa tana *kaɗa* ganga, ta *busa* algaita, ta *goga* goge, kamar dai Tsohon Ingilishi. Littafin David Ames da Anthony King na 1971 a kan kalmomin kiɗan Hausa ya tattaro irin wannan arziki. Inda kuma Ingilishi ya raba *compose* da *perform* da *improvise*, Hausa takan ce *ya yi waƙa* kawai, domin mawaƙi irin Alhaji Mamman Shata shi ne mai ƙagawa, shi ne mai rerawa, sau da yawa ma a fage guda. Haka nan Aliyu Namangi makaho ne, don haka wanda ya fassara cewa ya yi *Imfiraji* da *write* ya ɗora masa alƙalamin da bai riƙe ba. Wanda kuma ya fassara *compose* da 'rubuta' a kowane wuri ya shigo da tarihin Turai cikin al'adar da ba ta bi wannan hanya ba. Abin da ya kamata mai fassara da mai tsara ƙamus su fara tambaya shi ne: wane yanki na aikin mawaƙi wannan aikatau yake nufi, kuma shin an yanke shi dabam a al'adar da ake fassarawa zuwa gare ta?

8.0 Kammalawa

An ga yadda kalmomin aikatau na kiɗa da waƙa a Ingilishi suka taru hawa-hawa: na gado kamar *sing* da *play*, na aro daga Faransanci da Latin kamar *chant* da *perform* da *compose*, da na zamanin faifai kamar *croon* da *rap* da *sample*. An kuma ga cewa kowane hawa ya zo ne tare da wani sauyi a kan wanda yake riƙe da waƙa da kuma wanda doka ta yarda ya mallake ta. Irin wannan bibiya tana jiran masu nazarin harsunan Nijeriya, musamman a yanzu da ɗakunan ɗaukar murya suka fara raba mai rubuta baiti da mai rerawa da mai haɗa kiɗa a Kano da Legas da sauran birane.